Na tafki ko na kiwo? Daga kaskon Madawa zuwa tunan Abijan

Adar, a jihar Tawa ta Nijar, ba ƙasar kifi ba ce. Daga Madawa zuwa gaɓar teku mafi kusa, ko tsuntsu ne sai ya ci kilomita fiye da 800. Babu kogin da ke riƙe ruwa shekara zagaye. Maggiya takan tumbatsa da damina ta koma yashi da rani, fadamar Tarka kuwa arzikinta a ƙarƙashin ƙasa yake, inda masu albasa ke zuƙo shi da inji. Mutanen da suka tashi a duwatsun Buza da Keita da fura da nono suka girma, in an samu sarari a haɗa da nama. Abin da ɗan Nijar ke ci na kifi a shekara bai kai kilo 3 ba, alhali matsakaicin duniya, a lissafin hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ya ɗan haura kilo 20.

Duk da haka kifi ba ya yankewa a kasuwannin yankin. A Tunfafi, a Tamaske, a tashar Madawa da yamma idan masu suya sun hura wuta, za ka tarar da kifayen da kowanne da hanyar da ya biyo. Ga ɗanyen karfasa da tarwada da aka kamo a tafki ko baraji da asuba. Ga banda baƙa ƙirin, an lanƙwaso wutsiya an soke ta a baki. Ga na ƙanƙara a kwali, wanda jirgi ya kamo a Atlantika, ya sauka a Kwatano ko Lome ko Legas, ya yi kwanaki a motar sanyi. Ga sardin ɗin Maroko a gwangwani, abokin burodin matafiyi. Sai baƙuwar da ta zo daga baya ta fi kowa tayar da magana, wato tarwadar kiwo, wadda aka raina a kwarmin siminti ko na tamfol.

Tun da ta shigo, mai saye ya samu sabuwar tambaya. Zai ɗaga kifin, ya buɗe gefen kansa ya duba ko cikin ja ne, ya danna tsokar da yatsa ya ga ko za ta taso, sannan ya ce, "Inna, wannan na tafki ne ko na kiwo?" Amsar kusan kullum ɗaya ce: "Na tafki ne, ɗana, yau aka kamo shi." Ba wai duk masu sayarwa maƙaryata ba ne, sun dai san abin da kunne ke son ji. A wurin mutane na tafki kifin Allah ne, na kiwo kuwa kifin buhu.

Ba a Adar kaɗai ake wannan tambaya ba. Ita ce masu kuɗi ke yi a Tokiyo da Paris da Madrid a kan tuna, babban kifin teku mai jan nama. A ganina, can da nan, tambayar ba ta kai inda ciwon yake ba. Sanin cewa kifi na kamu ne ko na kiwo ba ya gaya maka ko baɗi za a same shi. Abin da ke gaya maka shi ne abin da kifin ya ci, daga bakin wa aka ɗauko abincin, da kuma wanda ke tsaron ruwan.

Mai karatu na iya cewa ina ruwan ɗan Buza da tuna, kifin da bai taɓa gani da rai ba. Akwai ruwansa. Jihar Tawa na cikin wuraren da suka fi tura samari ci-rani zuwa Kwaddibuwa, a Abijan kuma akwai abincin titi da ake kira garba, wanda tun asali ƴan Nijar ne suka riƙe sana'arsa. Garin rogo ne turarre, aceke, a ɗora masa yankan soyayyen tuna. Mai saye zai ɗauki cokali mai yatsu ya zaɓi yankan da ya yi masa a cikin daro. Mai garba ya auna masa aceke, ya yayyanka albasa da tumatir da ɗanyen barkono a kai, ya marmasa magi, ya kwarara cokalin man da aka soya kifin, man da ya yi duhu don yawan komawa wuta. Da hannu ake ci, a kan benci ko a tsaye, daga ɗalibi har ma'aikacin ofis. Kuɗin wannan kasko na cikin abin da ake aikowa gida a sayi hatsi idan rumbu ya yi ƙasa. Farashin tuna a tashar jiragen Abijan ya shafi tukunyar wasu gidaje a jihar Tawa, ko da ba su taɓa lissafa shi haka ba.

Tunan garba na kamu ne tsantsa. Abijan na cikin manyan tashoshin tuna a gaɓar Atlantika ta Afirka. Manyan jirage, da yawansu na Faransa da Sifaniya, sukan zagaye garken kifi da taru mai tsawon fiye da kilomita ɗaya, su tsuke gindinsa, su kwashe. Masu kyau da girma su wuce masana'antun gwangwani, daga nan sai Turai. Waɗanda suka yi ƙanƙanta, ko suka kuje, ko ba irin da masana'anta ke so ba, su ake sayar wa ƴan kasuwar gari, dubban tan a kowace shekara. A ruwan gishiri ake daskarar da su cikin jirgi, shi ya sa tunan garba da gishirinsa yake zuwa.

Wannan rara ta ƙaru ne tun farkon shekarun 1990, da jiragen suka rungumi wata dabara. Masunta sun daɗe da sanin cewa kifi na son taruwa a ƙarƙashin duk abin da ke yawo a saman ruwa, ko da gungume ne. Sai aka riƙa ƙera gadaje na gora da tsofaffin taru ana sakin su a teku, a maƙala musu na'urar da ke sanar da jirgi ta tauraron ɗan Adam inda suke, daga baya har da yawan kifin da ya taru. Abin da ke taruwa ba ƙaramin tuna mai zane a ciki kaɗai ba ne, wanda ke saurin hayayyafa kuma shi ya fi yawa a gwangwani. Har da ƴaƴan manyan iri, mai rawayan fiffike da mai manyan idanu, waɗanda ba su isa yin ƙwai ba, da kifin shak, wani lokaci da kunkurun teku. Hukumar kula da tunan Atlantika, ICCAT, wadda aka kafa bisa yarjejeniyar 1966, sai da ta kai ga hana su a kan waɗannan gadaje na wasu makonni a kowace shekara. Ke nan kifi na iya zama bai taɓa ganin buhun abinci ba, amma kamunsa cin iri ne.

To na kiwon fa? Mafi yawansa ba a hannun mutum aka ƙyanƙyashe shi ba. Wanda ake kiwatawa shi ne babban jan tuna, da wani irinsa kan haura kilo 300, wanda Japanawa ke yankawa siriri su ci ɗanye. Tun farkon shekarun 1990 a Port Lincoln ta Ostireliya, daga baya a Bahar Rum, a Sifaniya da Kuroshiya da Malta da Turkiyya da Tunisiya, kama shi ake yi da rai a tsakiyar teku, a kora shi cikin keji, jirgi ya ja kejin a hankali kwana da kwanaki zuwa gaɓa, a yi ta ɗura masa ƙananan kifaye wata da watanni har ya yi kitse. Wanda ya san turkar rago ya gane abin: ba a turke ake haihuwa ba, daga garke ake kamowa, duk ragon da aka turke kuma garke ya ragu da ɗaya.

Sai dai shi tuna kifi yake ci. Jikinsa ya fi ruwan da yake ciki ɗumi, ba ya daina iyo dare da rana, don haka abincin a gudu yake ƙonewa. Kafin babban tuna ya ƙara kilo ɗaya a keji sai ya lamushe wajen kilo 15 zuwa 20 na sardin da danginsa, kifin da mutum zai iya soyawa ya ci yadda yake. Jami'ar Kindai ta Japan ta fara neman hanyar haifar da shi a hannu tun 1970, ba ta cim ma buri ba sai 2002, da kifin da aka ƙyanƙyashe a wurinta ya girma ya yi nasa ƙwan. Shekara 32 ke nan ana abu ɗaya. Nasara ce babba ta ilimi, amma rabin matsalar ta warware: an huta da ɗebo ɗan daga teku, ba a huta da ɗebo abincinsa ba. Har yanzu kuma kasonsa a kasuwa kaɗan ne.

Masu saye a can ma bakinsu da aljihunsu ba tare suke tafiya ba. A gwanjon sabuwar shekara na Janairun 2019 a kasuwar Toyosu ta Tokiyo, Kiyoshi Kimura, mai gidajen abinci, ya sayi tuna ɗaya mai kilo 278 da aka kamo a arewacin Japan a kan yen miliyan 333.6, wajen dalar Amurka miliyan 3. Wannan kuɗin talla ne, ba farashin kasuwa ba, amma ya nuna inda daraja take. A ƙuri'un jin ra'ayi da Tarayyar Turai ke yi, wajen kashi ɗaya cikin uku na masu cin kifi kan ce sun fi son na kamu, waɗanda suka zaɓi na kiwo kuwa ba su kai ɗaya cikin goma ba. Alhali a 2022, a karo na farko, abin da aka kiwata a ruwa ya zarce abin da aka kamo: tan miliyan 94.4, kashi 51 cikin ɗari, in ji FAO. Ana yabon na kamu, ana cin na kiwo.

Akwai abu ɗaya a tarihin jan tuna da ya kamata duk mai tafki ya sani. A tsakiyar shekarun 2000, da keji ya yawaita a Bahar Rum, irin gabashin Atlantika ya shiga mummunan hali. Masana sun ƙiyasta cewa abin da aka kama a 2007 ya kai wajen tan 60,000, ninki biyu na abin da doka ta yarda. A 2010, a wani taron ƙasashen duniya a Doha, Monako ta nemi a haramta cinikinsa tsakanin ƙasashe, aka kayar da buƙatar. Amma tsoro ya riga ya shiga. Aka zaftare kason shekara zuwa tan 13,500, aka taƙaita lokacin su, aka matsa a kan dokar da ta hana yawancin jirage kama wanda bai kai kilo 30 ba, aka sa masu sa ido a jirage da wuraren turka. A 2021 ƙungiyar IUCN ta cire jan tunan Atlantika daga jerin masu fuskantar ƙarewa. Surutun masu saye ya taimaka wajen tsorata gwamnatoci, ba a musu. Amma abin da ya dawo da kifin doka ce da mutanen da suka tsaya a kanta.

Shi ya sa ban cika ɗaukar zancen tambari da zafi ba. Akwai shuɗin tambarin MSC da ƙungiyar WWF da kamfanin Unilever suka assasa a 1997 don kifin kamu, da na ASC na 2010 don na kiwo. Suna da amfaninsu inda mutum ke tsaye gaban kanti mai kifi iri goma, yana karanta kwali, yana da kuɗin zaɓi. Matar da ta zo kasuwa da jaka ɗaya tana neman abin da zai ji a miyar mutum goma ba ta cikin wannan lissafi. Ma'auninta hanci ne da yatsa da abin da ke ƙulle a bakin zanenta, kuma babu mai ikon ce mata ba ta damu da gobe ba.

Inda labarin teku ya taɓa ta kai tsaye shi ne garin kifi. A Nuwadibu ta Muritaniya, da Senegal, da Gambiya, masana'antu gomomi sun tashi suna niƙa ƙananan kifaye su mai da su gari da mai, a kai Turai da Asiya a ciyar da kifin kiwo da dabbobi. Kilo 4 zuwa 5 na ɗanyen kifi ke ba da kilo ɗaya na gari. Wani rahoto da Greenpeace da Changing Markets suka fitar a 2021 ya ce ana kwashe fiye da tan 500,000 a shekara daga wannan gaɓa, abin da zai ishi mutum miliyan 33. Waɗannan ƙananan kifaye su ne dai ake busarwa, ake bandawa, ake daskarewa a tura ƙasashen da ba su da teku. Idan masana'anta ta riga ƴar kasuwa ciniki a bakin ruwa, abin da ya iso Sahel da tsadarsa yake isowa.

Mu dawo gida. Kifin da ake rantsuwa na tafki ne, shi ma yawancinsa hannun mutum ya kai shi can. Tafkin da ke ƙafewa duk shekara ba ya riƙe kifi, in ban da gaiwa, mai nutsewa a laka ta lulluɓe kanta ta jira damina, da tarwada mai jure ƙarancin ruwa. Giwan ruwa da ragon ruwa da karfasar da ake kamawa a Tabalak, arewa da Keita a kan hanyar Agadas, da Ɗan Dutsi a yammacin jihar, zuba irinsu aka yi. Tafkunan biyu sun shiga jerin wuraren ruwa masu muhimmanci na yarjejeniyar Ramsar a 2005.

Bayan damina, idan tafki ya cika ya kwanta, ma'aikatan gandun daji kan kawo ƴaƴan kifi daga wani tafkin ko daga wurin ƙyanƙyasa, a tankuna ko a ledoji masu iska, da sanyin safiya don kada zafi ya kashe su. A ajiye ledar a gefen ruwa ta ɗan jima, ɗumin ciki da na waje su daidaita, sannan a kwance baki. Daga nan a rufe su na wasu watanni. Shirin 3N na ciyar da ƙasa, da aka ƙaddamar a 2012, ya sa zuba kifi a tafkuna cikin ayyukansa. Babu mai watsa wa wannan kifi abinci. Gansakuka yake ci da ƙananan halittun ruwa, kashin shanun da ke zuwa shan ruwa kuma shi ne takin. Rabinsa kiwo, rabinsa kamu, kuma shi ne kifin da ya fi dacewa da Adar, domin bai ƙwaci abincin kowa ba.

Ruwan ma da ake zuba kifin, a gundumomin Keita da Buza, da yawansa mutum ne ya tsayar da shi. Bayan farin shekarun 1970, ana tsakiyar wani sabon farin, aikin raya karkara na Keita ya kankama a 1984, zamanin Seyni Kountché, da kuɗin Italiya, FAO na gudanarwa, hukumar agajin abinci ta PAM na biyan ma'aikata da abinci. Mata ne suka fi yawa a fagen aikin, saboda maza na ci-rani. Su suka ɗauko duwatsu a ka suka jera a kan fako, suka haƙa ramuka a jikin tuddai. Aka dasa itatuwa wajen miliyan 18, aka farfaɗo da fiye da hekta 30,000, aka gina madatsun ruwa gomomi, daga baya aikin ya faɗaɗa zuwa Buza da Abalak. Ba don kifi aka yi ba. An yi ne don a karya gudun ruwa ya samu ya nutse a ƙasa. Kifi daga baya ya biyo.

Saboda haka a kan tudu ake yanke hukuncin kifin Adar. Ruwan saman yankin bai cika wuce milimita 300 zuwa 500 ba, kuma cikin ƴan kwanaki yake zubowa da ƙarfi. Idan fako tsirara yake, korama sai ta kwaso yashi da laka ta juye a baraji. Barajin Ibohaman, wanda ya girmi aikin Keita, an daɗe ana kukan cikewarsa, haka ma Tabalak. A ƙasar da rana da iska ke shanye fiye da mita biyu na ruwa a shekara, tafki mai zurfin mita uku da wanda ya koma mita ɗaya ba abu ɗaya ba ne. Na farkon zai kai kifinsa damina mai zuwa, iyaye su yi ƙwai, tafkin ya ciyar da kansa. Na biyun zai ƙafe a Afrilu ko Mayu, a kwashe babba da yaro da kwando, baɗi a koma roƙon iri. Duk jerin dutsen da ya rushe ba a gyara ba, duk itacen da aka sare a gangare, a ƙasan tafki ake biyan bashinsa.

Sai idon taru. Masunta da yatsu suke auna shi, kuma dokar su ta Nijar ta hana mai ƙananan ido, ta hana guba da abin fashewa. Amma ga gidan sauro da ake rabawa kyauta, wanda a wurare da dama na Afirka ya koma koma, yana tace ruwa har ɗan kifin da bai kai yatsa ba. Ma'aikatan gandun daji ba su da yawan da za su kwana a bakin kowane tafki. Rufe ruwa ba ya yiwuwa sai masuntan wurin da sarkin ruwansu da mai gari sun yarda da shi, sun kuma yarda su hukunta nasu, ba baƙo kaɗai ba. Abin da aka yi wa jan tuna ke nan da jiragen sintiri da takardu: ranar buɗewa, girman da za a kama, da mai tsaro.

Tarwadar kiwo kuwa daga kudu ta zo. Najeriya ce kan gaba a duniya wajen kiwon tarwadar Afirka, daga can kuma dabarar da ƴaƴan da buhunan abincin ke tsallakowa. An zaɓi tarwada ne saboda tana shaƙar iska daga sama, tana jure cunkoso, cikin wata biyar zuwa shida kuma takan kai kilo in ta samu abinci. A wurin ƙyanƙyasa, allura ake yi wa uwa da yamma, da safe a matse ƙwan a kwano, namijin kuwa sai an yanka shi ake samun abin da za a barbara ƙwan da shi. Idan aka gwada ta da tuna, tarwada mai tattali ce: kilo ɗaya zuwa ɗaya da rabi na abincin buhu ke ƙara mata kilo. Matsalar ita ce abincin ke cinye kashi 60 zuwa 70 na kuɗin kiwo, mai kyan kuma da garin kifi da waken suya ake haɗa shi, farashinsa na bin kuɗin waje. Da tsada ta yi tsada, wasu masu kiwo suka koma hanjin kaji da jinin mahauta, marasa tsoron Allah har da mushe.

Daga nan ƙyamar ta samo tushe. A mazhabar Malikiyya da ake bi a nan, abin ruwa halal ne ko ba a yanka ba, amma halaccin abu ba ya hana zuciya tashi. Masu saye kan ce na kiwo ya fi kitse, tsokarsa ta fi laushi, yana tsiyayar da mai a kasko ya tsuke, yana ƙarni. Zancen kitse da laushi gaskiya ne, kifin da bai taɓa farautar abincinsa ba ba zai yi tauri ba. Warin laka kuwa daga ruwa yake. Kwarmin da ba a canja wa ruwa zai ba da shi, tafkin da ya ja baya da bazara ma haka. Mai kiwon da ya san aikinsa yakan dakatar da abinci, ya saka kifin a ruwa mai tsabta kwana ɗaya ko biyu kafin ya kai kasuwa. Jita-jitar cewa allurar ƙwai na cikin naman da ake ci ba ta da tushe, iyaye kaɗai ake yi wa. Abin da ya cancanci tsoro ba a cika zancensa ba: maganin kashe ƙwayoyin cuta da ake saye ba tare da likitan dabbobi ba, a zuba a kwarmi, a sayar da kifin kafin ya fita daga jikinsa.

Hayaƙi kuwa yana shafe asali. Tafkin Chadi ne babban tushen banda, amma a 2015, saboda rikicin Boko Haram, hukumomi suka hana su da cinikin kifi a jihar Difa, aka yi shekaru kafin a sassauta. Masu kiwo a Najeriya sun shiga banda sosai, don ita ce hanyar adana abin da bai sayu ɗanye ba. Tarwadar da ta kwana biyu a kan wuta ta lanƙwashe, da wuya mai saye ya faɗi inda ta girma. Na tafkin ma ba a wanke yake ba. Lambunan da ke kewaye da ruwa feshi ake yi musu, abin da ya sauka a ƙasa kuma gangarowa yake. Akwai ƴan kasuwar da ke yayyafa wa busasshen kifi maganin ƙwari don kada ya rududduge. Tsofaffin mata sun san gwajin: tarin kifin da ƙuda ba ya sauka a kansa, a wuce shi.

Rufe iyaka ya nuna wanne ne kifin gida. Najeriya ta rufe iyakarta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 takunkumin CEDEAO ya sake toshe hanyar har Maris na 2024, aka yanke wutar lantarkin da ke zuwa daga Najeriya, masu firigo suka koma kan janareto. Hanyar Kwatano ta daɗe a rufe bayan haka, kaya suka riƙa zagayowa ta Lome da Burkina. Kwalin ƙanƙara, buhun abinci, ƴaƴan tarwada, duk ta iyaka suke shigowa. Karfasar baraji ce kaɗai ba ta jiran kwastan.

Ba ina cewa a bar kiwon tarwada ba. A fadamar Tarka ruwa na kusa, injin albasa ya riga ya tashi, kuma ruwan da ya bi ta kwarmin kifi kafin ya shiga fage da takinsa yake shiga. A nan kiwo na da ma'ana, musamman in an rage dogaro da buhu, aka koyi haɗa abinci da dusa da tunkuza da tsutsar da ake rainawa a gida. Karfasa ta fi sauƙi ta wannan fuska, tunda ita cimarta ta fi karkata ga tsiro. Aibinta saurin haihuwa: tun tana ƙarama take fara ƙwai, kwarmi ya cika da ƴan mitsi-mitsin da ba sa sayuwa, sai an ware maza kaɗai ko an saka ƴan tarwada su rage yawan. Sanyin hunturu ma yana tsayar da girma a Disamba da Janairu. Wanda ya ga bidiyo a Facebook ya gina kwarmi bai lissafa buhu nawa zai saya har wata shida ba, a wata na uku yake fara neman mai saye.

Abin da ya fi wuya shi ne rabon ruwan kansa. Tafki ɗaya ne makiyayi ke shayar da garke, mai lambu ke jan ruwa, mai bulo ke kwaɓa ƙasa, masunci ke jefa birgi. Dokar karkara ta 1993 ta tanadi kwamitocin ƙasa da za su shiga tsakanin irin waɗannan masu haƙƙi, amma a zaman sulhu muryar masunci ce ta fi rauni, domin sau da yawa shi baƙo ne, mai albasa kuwa ɗan gari ne mai kuɗi a hannu. Kafin a kwance leda ɗaya ta ƴaƴan kifi ya kamata a daidaita a kan iyakar inda inji zai tsaya da jan ruwa, da watan da za a buɗe su, da inda kuɗin izini zai shiga. Sau da yawa zuba kifin ake fara yi, a ɗauki hoto, sannan a zauna wannan magana a watan Maris, lokacin da tiyon mai lambu ya riga ya kai tsakiyar tafki.